Zare a Kan Makullan Baba Kwalba

Shekara ashirin da shida Baba Kwalba ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ya juya wa ɗalibi baya. In zai ɗauko abu a kanta da gefe yake tafiya, ido ɗaya na kan kanta, ɗaya na kan hannuwan yara. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan saboda wankin kwalabe, sunan ya bi shi har gida, har maiɗakinsa in ta bushi iska da shi take kiransa.

Aikin ba wani mai wuya ba ne a ido. Ya wanke kwalaben gwaji, ya kife su su tsane, ya jera wa kowane tebur nasa, ya kunna murhun gas ya kashe, ya kulle sinadarai a babban kabad, ya goge allo bayan kowane darasi. Amma shi Baba sai ya ƙirga kwalabe kafin yara su shigo, ya ƙirga suna ciki, ya ƙirga bayan sun fita. Yaro ya yi masa murmushi, ya ce akwai abin da ya fasa. Malami ya gaishe shi da fara'a fiye da ta jiya, ya wuni yana tunanin me ake shirya masa. Kai, ko kyanwar makaranta ba ta tsira ba.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. A shekararsa ta biyu da kama aiki wata 'yar kwalba ruwan ƙasa ta ɓace daga kabad, mai sinadari mai haɗari a ciki. Aka tsayar da shi a gaban malamai kamar an kama ɓarawon akuya. Kwana uku ba mai amsa gaisuwarsa, kuma abin da ya fi ci masa rai, babu ko mutum ɗaya da ya dube shi ya ce, "Kai ka ɗauka?" An dai yanke kawai. A rana ta huɗu mai shara ta ja kabad, sai ga kwalba ta gangara baya tana kwance cikin ƙura. Wallahi ko sannu ba wanda ya ce masa. Tun daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a: duk inda zai ajiye makullansa, sai ya zare farin zare ɗaya daga bakin rigar aikinsa ya gicciya a kansu. In ya dawo ya tarar zare ya goce, to an taɓa. Rigar aiki huɗu ya cinye a haka, duk bakinsu ya zama geza.

Makullai biyar ne a zoben. Na ƙofar ɗakin gwaji, na babban kabad, na ma'ajiyar gas, na ƙofar gidansa, da wani ɗan ƙarami da ba wanda ya san na mene ne a makaranta. Na wani akwatin katako ne da ke ƙarƙashin gadonsa. Maiɗakinsa ta yi tambaya har ta gaji, ta koma tsokana.

"Wasiƙun 'yan matanka na dā ne a ciki, Baba Kwalba? Fito da su mu sha dariya, ai yanzu duk sun yi jikoki."

"Takardun aiki ne," yakan ce, ya tura akwatin can ciki da ƙafa.

Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Baba daga aji uku na sakandare ya bar makaranta, lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifinsa, kuma abin bai taɓa barin ransa ba. Da ya kama aiki, malamin kimiyyar sinadarai na lokacin wani dattijo ne da ake kira Malam Alli, don kullum gabansa da girarsa fari fat da garin alli. Mutumin in ya cika allo da rubutu kamar an buga da inji. Sai Baba ya ga ba zai iya sa tsumma ya share irin wannan abu haka kawai ba. In aji ya watse sai ya sa sakata, ya ɗauko ragowar littattafan da yara suka yar, ya kwafe allon tsaf, har da 'yan kibiyoyi da da'irori, sannan ya goge. Shekara goma sha tara yana haka har Malam Alli ya yi ritaya, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Littafi talatin da ɗaya suka taru. Bai taɓa nuna wa kowa ba, don ya san bakin mutane: cewa za a yi mai wankin kwalba ya fara jin kansa malami.

A cikin darussan duka akwai wanda ya fi so, wanda ake yi a zango na biyu. Malam Alli yakan zana atam ya ce gida ne mai ɗakuna, elektiron su ne mazauna, kowane ɗaki da iyakar mutanen da yake ɗauka. Atam in ya sallami wasu mazauna ko ya karɓi baƙi, sai sunansa ya koma ayon. Fotasiyam na da sha tara, ya sallami ɗaya, saura sha takwas. Kalsiyam na da ashirin, ya sallami biyu, sha takwas. Kulorin na da sha bakwai, ya karɓi ɗaya, sha takwas. Ga kuma iskar agon can gefe, shi dama da sha takwas ɗinsa aka halicce shi. Dukkansu jeri ɗaya, lissafi ɗaya, in a takarda ka gani sai ka ce abu ɗaya ne. Nan Malam Alli zai buga allo da ƙarfi har gari ya tashi.

"Kada jeri ya ruɗe ku! Ku leƙa tsakiya ku ƙirga furoton. Wanda ya fi yawan furoton ya fi jan nasa a jiki, shi ya sa ayon ɗin kalsiyam ya fi na kulorin ƙanƙanta. Kamanni ne kawai, ba abu ɗaya ba ne."

Baba yana can bakin famfo yana wanki, amma kunnensa na nan. Darasin ya yi masa daidai da yadda ya ɗauki duniya: kada ka yarda da abin da ka gani a sama.

'Ya'ya huɗu Allah ya ba shi. Uku sun yi aure sun watse, saura Auta, wadda ke ajin ƙarshe a makarantar da yake aiki. Yarinya ce marar yawan magana, ta gado shi a kallo: in ta zuba maka ido sai ka laluba aljihunka. A makaranta ba ta nuna ta san shi fiye da gaisuwa, shi ma haka ya fi so, don kada a ce.

Malamin da ke koyar da su yanzu matashi ne, shekararsa biyu da zuwa. Yara suna kiransa Malam Ƙwas-ƙwas saboda ƙarar takalminsa a baranda. Ba mugu ba ne, yana da ƙoƙari, sai dai yana da saurin yarda da kansa. Baba bai taɓa kwafe allonsa ba. Yakan karanta dai kafin ya goge, wani lokaci ya ɗan taɓe baki, shi ke nan.

To, ran wata Litinin da hantsi masinja ya leƙo ya ce Shugabar makaranta na kira. Baba ya kulle kabad, ya ja hannun ya tabbatar, ya sake ja, sannan ya tafi. Ya tarar da Malam Ƙwas-ƙwas a zaune da takardu a cinya, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Zauna, Baba," in ji Shugaba. Mace ce mai sanyin murya, amma ba a kawo mata wasa. "Ka san an yi jarabawar gwaji, wadda da ita muke tantance waɗanda za mu tura babbar jarabawa. Auta ta ci casa'in da biyar a sinadarai. Mai bi mata sittin da ɗaya."

"Alhamdulillahi, ranki ya daɗe," ya ce.

"Malam ya ce amsoshinta sun yi kama da takardar amsoshin da ya shirya, kusan kalma da kalma. Takardar kuwa sati biyu ta yi a kulle cikin babban kabad na ɗakinka. Makulli biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurinka." Ta gyara tabarau. "Ranar Alhamis za mu zauna da ita. In ya tabbata ta gani, ba za ta rubuta babbar jarabawa a nan ba. Kai kuma ka san abin da doka ta ce game da mai riƙe da makulli."

Ya sani. Ya tashi ya fito. Amma ba barazanar kora ce ta fi tsaya masa a wuya ba. Wani abu ne da shi kaɗai ya sani. Wata shida ke nan, duk ranar Asabar in ya kwanta barcin rana ya ajiye makullai a kan teburin gefen gado, yakan farka ya ga zare ya goce. Wani lokaci an mayar da shi, amma ba yadda ya gicciya shi ba. Da fari ya zargi fanka. Ya kashe fanka, zare ya sake gocewa. Ya zargi maiɗakinsa, sai wata Asabar ta tafi duba 'yarsu da ta haihu, zare ya goce ba ta nan. Bai ce wa kowa uffan ba. Ya zuba ido ne kawai, kamar yadda ya saba, yana jiran ranar da abin zai bayyana kansa. Ga shi ya bayyana.

Makarantar ba nisa, tafiyar minti goma ce daga gida. Barcinsa na Asabar awa biyu ne cur. Ya yi lissafin nan a hanya har sau uku, kuma kowane karo lissafin ya fita.

Da ya koma ɗakin gwaji ya buɗe kabad ya duba gurbin da ambulan ɗin takardar amsoshin ya zauna. Ya haska da tocila yana neman sawun yatsa a ƙura, shi da ke goge ƙurar da kansa kullum. Ya tambayi maigadi ko ya taɓa ganin wata ɗaliba ranar Asabar. Maigadi ya ce bai gani ba, sai Baba ya ƙara shi cikin waɗanda yake zargi.

A gida kuwa kwana ukun nan sun yi wa kowa tsawo. Auta ta riga ta ji, don an kira ta an gaya mata. Ta dawo ta ajiye jaka, ta kawo masa ruwa, ta ɗan tsaya kamar mai jiran ya yi magana. Ya karɓi kofi ya kau da kai. Ran Talata da ta tafi ɗebo ruwa a famfon layi, ya shiga ɗakinta ya zazzage jakar makarantarta, ya bi littattafan shafi-shafi, ya ɗaga katifa, ya leƙa cikin takalma. Bai sami komai ba sai ɓawon alewa da guntun fensir. Ya mayar da komai yadda yake jin ya same shi. Yana fitowa suka yi kiciɓis da maiɗakinsa a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Haba Malam! Jakar 'yarka? Ka kira ta ka tambaye ta mana, bakinka ciwo yake?"

"In na tambaye ta me za ta ce? Cewa za ta yi eh, na sata?"

"To ka ji daga bakinta dai. Yarinyar nan ko abinci ba ta iya ci."

"Rashin cin abincin ma abin dubawa ne," ya ce.

Ta tafa hannu ta yi salati. "Allah ya shirye ka. Wata rana inuwarka ma sai ka ce ta buɗe aljihu."

Ran Laraba da la'asar ya ɗana tarko. Ya ajiye makullai a kan tebur, ya gicciya zare, ya bar ƙofa a buɗe, ya kwanta ya rufe ido har da ɗan munshari na ƙarya. Can ya ji takunta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Rabinsa na roƙon kada ta taɓa, rabinsa kuma, Allah ya yafe masa, na so ta taɓa ya huta da zullumi.

"Baba," ta ce a hankali, "na san ba barci kake ba. Kuma littafin lissafina a gaban na tarihi yake zama, ba a baya ba."

Ta juya ta tafi. Ya ci gaba da rufe ido, don bai san yadda zai buɗe su ba.

Alhamis da safe suka hallara a ofishin Shugaba, su huɗu. Auta na tsaye gefen taga da hannuwa a baya. Malam Ƙwas-ƙwas ya shimfiɗa takardu biyu a kan tebur, tata da tasa.

"Baba," Shugaba ta ce, "zan yi maka tambaya ɗaya, na kuma san ba ka ƙarya. Makullan nan sun taɓa barin hannunka?"

Da zai iya cewa a'a a wuce wurin. Ba wanda ya san zancen zare. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana wanke sunansa daga kwalbar da bai ɗauka ba, harshensa ya ƙi juyawa.

"A gida nakan ajiye su in zan kwanta, ranki ya daɗe. Kuma an sha taɓa su. Ranar Asabar."

Bai dubi Auta ba, amma ya ji idonta a gefen fuskarsa kamar an kara masa garwashi.

Malam Ƙwas-ƙwas ya gyara zama. "To kin ji, ranki ya daɗe. Dubi nan. Tambaya ta uku, a jera ayon uku masu elektiron sha takwas daga babba zuwa ƙarami a faɗi dalili. Ga abin da ta rubuta, ga nawa, har kalmar 'jan nasa a jiki'. Ta huɗu haka, ta biyar haka. Wuri ɗaya kawai ta saɓa, tambaya ta bakwai, jerin elektiron na ayon ɗin ƙarfe. Nan ta faɗi, kuma ni ina ganin da gangan ta faɗi don kada ta ci ɗari a gane."

Ya tura takardar tsakiyar tebur. Baba bai yi niyyar dubawa ba, idonsa ne ya sauka da kansa, irin na wanda ya saba karanta allo kafin ya goge. A takardar malam an rubuta Fe²⁺, alamar agon a cikin baka, sannan 4s² 3d⁴. A ta Auta an rubuta agon, sannan 3d⁶. A gefe kuma, inda ta yi aikinta da fensir, ta rubuta 4s², ta zagaye shi da da'ira, ta ja 'yar kibiya mai lanƙwasa ta fitar da shi waje, da ɗan ƙugiya a wutsiyar kibiyar.

Ya jawo takardar kusa. Wannan kibiya ya san ta. Malam Alli ne ke yin ta, kuma Malam Alli ya bar makarantar tun Auta na firamare. Wuri ɗaya tak kibiyar nan ta rage a duniya.

"Malam," ya ce, "wannan ba ta faɗi ba."

Malam Ƙwas-ƙwas ya yi 'yar dariya. "Baba, wannan ba wankin kwalba ba ne."

"Na sani, Malam, ka yi haƙuri. Ƙarfe elektiron ashirin da shida gare shi. Wajen cikawa 4s ake fara cikawa kafin 3d, haka ne. Amma wajen fita ba na ƙarshen shiga ke fara fita ba. Ɗakin da ya fi kusa da waje shi ake fara kwashewa, 4s ke nan. In ƙarfe ya sallami biyu, na 4s ne suka tafi, shidan 3d na nan ba a taɓa su ba."

Shugaba ta cire tabarau ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Shi kansa ya tsorata da jin muryarsa, shekara ashirin da shida bai taɓa furta waɗannan kalmomi a gaban ɗan Adam ba.

"Akwai babban littafi mai koren bango a saman kabad," ya ƙara. "Ni nake kaɗe masa ƙura. A duba."

Aka aiki masinja ya ɗauko. Malam Ƙwas-ƙwas ya buɗe, ya bi da yatsa, ya tsaya. Ya sake karantawa. A nan dai ya nuna shi ɗan halak ne, don bai yi gardama ba.

"Gaskiyarsa ne, ranki ya daɗe," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tambayoyin da amsoshin daga tsohon fayil na marigayi Malam Alli na ɗebo su. Da na zo ta bakwai na ga 3d⁶, sai na ɗauka tsufa ne ya sa ya yi kuskure. Ni na gyara da hannuna."

"Ke nan wanda ya ga takardarka, kuskurenka zai kwafa," in ji Shugaba. Ta juya ga Auta. "Amma har yanzu ban gane ba. Ta yaya kalmominki suka zama na mutumin da bai taɓa koyar da ke ba? Kuma wa ke taɓa makullai?"

"Ni ce, ranki ya daɗe," Auta ta ce, ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Amma ban taɓa zuwa makaranta ranar Asabar ba. Ƙaramin nake cirewa. Akwai akwati a ƙarƙashin gadon Baba, cike da littattafan da ya kwafe daga allo da hannunsa. Wata rana ina shara na ga ya manta bai kulle ba, na leƙa. Abin da ban gane a aji ba, a can na gane shi. In ya yi barci sai in ɗauki ɗaya in mayar da wanda na gama."

"Me ya hana ki faɗa tun Litinin?"

"Sirrinsa ne. Na ga ko Umma bai gaya wa ba. Na ce in ya tambaye ni, shi zan gaya wa." Ta dubi mahaifinta. "Bai tambaya ba."

Shugaba ta sa aka je gida da Baba aka ɗauko littafi na sha ɗaya. Ga darasin nan da rubutunsa na shekarun baya, tawada ta koɗe, ga "jan nasa a jiki", ga da'ira, ga kibiya mai ƙugiya. Shugaba ta ja jan biro ta mayar da casa'in da biyar ɗari, ta ce a sake duba tambaya ta bakwai ga duk ajin. Malam Ƙwas-ƙwas ya tashi ya ba Auta haƙuri, ya juyo ya ba Baba hannu biyu, har ya roƙi a ara masa littattafan. Abin da Baba ya jira shekara ashirin da huɗu wani ya yi masa, yau an yi, a gaban Shugaba, amma ko kaɗan bai ji daɗinsa ba.

Da aka tashi makaranta suka kamo hanyar gida tare, abin da ba su saba ba. Suka wuce masu faci, suka wuce shagon mai ɗinki. Sai da suka zo kwanar layinsu ya yi gyaran murya.

"Da kin tambaye ni ai da na ba ki."

"Da ka ba ni, Baba?"

Shi ma ya san da bai bayar ba. Da cewa zai yi wa ya aiko ta.

"Ni ban ji zafin Malam ba," ta ce, tana kallon gabanta. "Bai san ni ba. Umma ta sha ba mu labarin kwalbar nan, yadda aka yi kwana uku ba wanda ya tambaye ka. Kullum in ta faɗa sai in ji kamar in yi kuka. Ni ma kwana uku na yi." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Da a ce Malam bai yi kuskure a ta bakwai ba fa? Da na ci ɗari tun farko, da yanzu kai ma ka yarda ni ɓarauniya ce."

Yana da amsar jerin elektiron na kowane ayon da ke cikin littafi talatin da ɗaya, amma wannan ba shi da ita. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai ji ba ko ranar da aka tsayar da shi gaban malamai, don a ranar shi ke da gaskiya.

Da suka shiga gida ya zauna bakin gado ya yi ta fama da zoben har farcensa ya tsage, ya ciro ɗan ƙaramin makullin. Ya buga ƙusa a bangon tsakar gida, daidai ƙofar ɗakinta, ya rataye shi. Ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, akwati na kowa ne yanzu, mai so ya buɗe. Maiɗakinsa ta buɗe a ranar, ta ɗaga littafi ɗaya ta juya shi sama da ƙasa, ta ce ashe kishiyoyin nata duk lambobi ne. Auta ta ce, "Na gode, Baba," da ladabi, kamar yadda ake gode wa baƙo, ta shige ɗaki.

Har yanzu yana aikinsa. Yana ƙirga kwalabe sau uku, yana tafiya da gefe. Malam Ƙwas-ƙwas kan tsaya bayan darasi ya tambaye shi abu, yara sun fara ce masa Malam Kwalba, shi kuma yana zargin ba'a suke yi. Auta ta rubuta babbar jarabawa, tana jiran sakamako. Tana gaishe shi, tana kawo masa ruwa, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Sai dai hali ba ya barin mutum don ya ji kunya. A daren farko bai yi ba, amma washegari da safe kafin ya fita aiki, da ya ga ba kowa a tsakar gida, ya zare farin zare daga bakin rigarsa ya ɗora a kan ɗan makullin da ke jikin ƙusa. Kullum in ya dawo, kafin ya cire takalmi, nan yake fara zuwa ya duba, yana fatan ya tarar an taɓa. Wata huɗu ke nan, zaren na nan yadda ya gicciya shi.